Alhaji Babani Ya Je Awon Jini a Saurayi

Duk Bahaushen da ya zauna Treichville a ƙarshen shekarun casa'in ya san Alhaji Babani mai shadda. Wanda bai gan shi ba ma ya ji shi, don bawan Allahn nan ba ya magana sai an jiyo shi a layi na gaba. Shagonsa yana Adjamé, gidansa yana Treichville, iliminsa kuwa babu inda bai kai ba. Abin da ya fi taƙama da shi Faransanci ne. Mu Hausawan Abidjan dama muna da wannan cutar, kowa gwanin Faransanci ne sai an miƙo takarda, amma tasa ta fi ta kowa tsanani. Faransancin nasa kaf gaisuwa ce da ciniki da zagin direba, sauran duk ƙarfin murya ne.

Masifar daga Kano ta samo asali. Shi da matarsa Hajiya Ladidi sun je bikin ɗan ƙaninsa, sai ƙirjinsa ya riƙe ana tsakar cin abinci. Aka kai shi asibiti, aka ɗebi jini. Likita ya zaunar da su ya ce kitse ya yi wa jininsa yawa, abin da ake ce wa kolestarol. Lambarsa shida ce da ɗoriya, alhali ana so ta zama ƙasa da biyar. Ya yi musu bayani dalla-dalla cewa akwai kitse mai kyau da ke share hanyar jini, akwai mugu da ke toshe ta, akwai kuma na uku da ake rabawa gida biyar in za a yi lissafi. Daga nan ya hana shi maiƙo da soye-soye.

Alhaji ya kwashe lissafin ya bar hanin. Hajiya Ladidi ta kwashe hanin ta bar lissafin.

Suna dawowa Abidjan ta kafa doka. Miya ba mai, kifi gasasshe, ganye kamar ana kiwon akuya. Ga Babbar Sallah ta ƙarato, ga ragon da Alhaji ya sayo ɗaure a tsakar gida, wani jibgegen ɗan Mali wanda in ya yi tafiya kitsen bayansa sai ya yi rawa.

"Wallahi tallahi, Alhaji," in ji Ladidi, "in lambar nan ba ta sauko ƙasa da biyar ba, ko romon ragon nan ba za ka ɗanɗana ba."

"Ragona? Da na ɗora a taksin woro-woro da hannuna?"

"Kallonsa dai halal ne, ka yi ta kallo."

Alhaji ya san rantsuwar Ladidi ba ta tashi. Sai ya kai kukansa majalisa, wato bencin da ke gaban tukubar Kailu mai balangu, kusa da tashar Bassam, inda dattawan unguwa ke taruwa bayan la'asar. Sai dai kukan Alhaji ba ya fitowa a kuka, lacca yake zama. Ya zauna da ƙunshin nama a cinya, yana zaɓar wajen kitsen, yana koya wa jama'a ilimin jini.

"Ku saurara, jahilci ne ke kashe ku. Ka ɗauki babbar lamba, ka cire mai kyau, ka raba na uku gida biyar ka cire, abin da ya rage shi ne mugun. Likitan Kano da kansa ya ce bai taɓa ganin mai saurin kai irina ba."

Malam Badaruddeen, mai makarantar allo ta layinsu, wani siririn dattijo mai kaifin baki, ya leƙa ƙunshin ya ce, "To wannan da ke hannunka, Dokta, mai kyau ne ko mugun?"

"Wannan bincike nake yi."

"Allah Ya ba da sa'a, na ga binciken ya kusa ƙarewa."

Kailu ya ƙara masa wata tsoka ya ce, "Ranka ya daɗe, in Hajiya ta ji, ni ban san ka ba."

"Hajiya za ta soya mini hanta da hannunta," in ji Alhaji. "Awon Kano awon gargajiya ne. Nan injin Faransa gare su. Zan je a sake aunawa, in kawo mata takarda, magana ta ƙare."

Washegari ya shiga wani ɗakin awon jini da ke bayan babbar kasuwar Treichville, ya yi wa matar da ke bakin kanta Faransanci har ta ja da baya. Ta ce ya dawo da safe, ta kuma ɗaga yatsa ta nanata masa, "À jeun, monsieur. À jeun."

To, abin da matar nan ta ce shi ne ya zo bai ci komai ba. Amma a Faransanci akwai wata kalma mai kama da ita a kunne, jeune, wato matashi, ita ce kuma Alhaji ya sani. Ya fito yana gyaɗa kai, ya tafi majalisa da sabon ilimi.

"Kun ga bambancin Bature da mu? Injin nan shekaru yake karantawa. In ka je a tsoho, ya ba ka lambar tsofaffi. Matar ta rufa mini asiri ta ce in zo a saurayi."

"Ko za mu tambayi ɗaya daga cikin yaran nan da suka yi lakwal, bokon Faransa?" in ji Malam.

"Ni za a tambayar wa yaro Faransanci? Ina Faransanci tun uwarsu tana talla!"

Da yamma ya rufe shago da wuri ya kutsa Black Market ta Adjamé. Ya sayi wandon jins na gwanjo, da riga mai hoton wani ɗan ƙwallo, da kambas, da hular nan hana-salla. Ya ƙara da kwalbar baƙin rini wadda mai tallan ya rantse masa ko kaka ta shafa sai an yi mata tayin aure. Ya ɓoye kayan a shago don kada Ladidi ta gani, ya ce mata gobe kaya za su iso, zai fita da sassafe.

Da gari ya waye ya shige bayan kantar shagon ya fara aikin komawa saurayi. Gemu ya sha rini har ya yi ƙyalli. Wandon ne ya ƙi. Ya hau har cinya ya tsaya, ya ce daga nan ba shi ba ci gaba. Alhaji ya kwanta a kan bandiran shadda, ya shanye ciki, ya yi ta ja yana salati, har Allah Ya sa maɓallin ya shiga. Da ya miƙe ya ga numfashi sai rabi-rabi, zama kuwa babu zancensa.

Ya fito kasuwa. Maƙwabcinsa mai atamfa ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Samari, mai shagon bai fito ba tukuna." Alhaji ya ji daɗi har cikin ransa. Ya yi gaba bai ga mutumin ya faɗi kan atamfofi yana riƙe ciki ba.

Sai kuma tunani ya zo masa: saurayi ba tufafi ne kaɗai ba, ai har da ciki. Me samarin Abidjan suke karyawa da shi? Garba mana, wato dambun rogon nan acheke da soyayyen kifi, wanda ake ɗibo baƙin man kaskon a kwarara a kai. Ya tsaya a wata rumfa ya ce a zuba masa na ƙarti biyu, a ƙara mai. Ya ci a tsaye, don wando bai yarda da benci ba. Ya kora da kofi mai madarar gwangwani, ya ji jininsa yana tsalle kamar na ɗan shekara ashirin.

Bas ɗin Treichville a cike take maƙil, rana ta fara dukan rufin, ga zafin Abidjan mai danshi. Kafin su hau gada gumi ya karyo, rini ya bi gumi, ya gangaro daga gemu zuwa wuya, daga wuya zuwa fuskar ɗan ƙwallon da ke rigar. Wata tsohuwa ta leƙa fuskarsa ta matsa gefe tana addu'a da Julanci. Wani ɗan makaranta ya tashi ya ce, "Papa, zauna."

"Wane ne papa?" in ji Alhaji da ƙarfi. Don ya nuna ba tsoho ba ne, da aka zo tasha ya yi tsalle ya dira kafin mota ta gama tsayawa. Ƙafa ta sauka lafiya, wando ne ya yi wata ƙara da duk bas ɗin ta ji. Haka ya ƙarasa ɗakin awon da hana-salla a bayansa maimakon a kansa, yana tafiya a gicciye yana bin bango.

Mai ɗibar jinin ta ɗaure masa hannu ta tambaye shi ko à jeun yake.

"Oui, madame! Très jeune!" in ji Alhaji, wato shi saurayi ne ƙwarai, yana lasar man kifi a leɓe.

Ta dube shi, ta dubi baƙin ruwan da ke ɗiga daga gemunsa, ta ga layi ya yi tsawo, ta soka allura ta sallame shi.

Da takardar ta fito ya je ya karɓa. Bai iya karanta rubutun ba, amma lamba ai ba ta da yare. A gaban babbar lamba an rubuta 2,90. Ya sake dubawa. Daga shida da ɗoriya zuwa ƙasa da uku! Alhaji ya yi kabbara a tsakiyar titi har wani mai taksi ya taka birki.

Ranar nan majalisa ba ta ji ta daɗi ba. Ya hau kan benci yana kaɗa takarda, ya ce shi ya gano abin da ya gagari likitocin Najeriya. Ya yi lissafin cirewa da rabawa gida biyar a bainar jama'a, ya samu wata lamba da shi kansa bai gane ba, ya ce wannan alama ce mugun kitsen ya gudu. Kafin magariba dattawa biyu sun tambaye shi a wace rumfa ake samun jins mai faɗin ƙugu. Kailu ya ba kowa kyautar tsoka, ya ce yau ranar 'yanci ce.

Ya shiga gida da rakiyar Malam da Kailu a matsayin shaidu. Ya tsaya gaban rago ya shafa bayansa, sannan ya miƙa wa Ladidi takarda.

"Hajiya, ki wasa wuƙa. Biyu da ɗigo tara."

Ladidi ba ta kalli takardar ba, gemun take kallo. "Wa ya ƙona ka?"

"Magani ne. Ki duba lamba."

"A Kano likita ne ya faɗa mini da bakinsa. A nan ma sai na ji daga bakin likita."

"Likitocin nan ba sa jin Hausa."

"Ai ga ka, gwanin Faransanci. Sai ka yi mini tafinta."

Alhaji ya ga wannan ai dama ce ta kankaro mutunci a gaban duniya. Ya gayyaci majalisa kaf. Jajibirin Sallah suka ɗunguma zuwa asibitin da ke haɗe da ɗakin awon, shi a gaba da babbar riga, Ladidi a baya, Malam da Kailu da dattawan nan biyu suna biye, ɗayansu har ya riga ya rina gemu. Suka cika ofishin likita, wasu suka tsaya a bakin ƙofa.

Likitar wata matashiya ce mai farin gilashi. Kafin ta buɗe baki Alhaji ya rufe ta da Faransanci, ya sanar da ita cewa waɗannan mutanen ƙauye ne, shi zai fassara. Ta ɗaga gira, ta karɓi takarda, ta ce da Faransanci lambar nan ta yi yawa ƙwarai.

Alhaji ya juyo. "Ta ce ba ta taɓa ganin jini mai kyan wannan ba."

Likita ta ce in bai kiyaye ba, hanyar jinin zuciyarsa za ta iya toshewa.

"Ta ce zuciyata kamar ta doki."

Likita ta ce ya nisanci kitse da kayan ciki da soyayyen abu.

Alhaji ya ji sunan kitse ya wuce, ya cafke. "Ta ce a fara mini da kitse, sannan kayan ciki, a soya su sosai."

Kailu ya ce, "Allahu akbar!"

Likita ta cire gilashi ta ajiye a kan tebur. Ta ce da wata Hausa mai ɗingishi, irin ta 'ya'yanmu haihuwar nan, "Baba, ka ji soron Allah."

Ta miƙe ta rusuna wa Malam Badaruddeen ta ce, "Gafarta Malam, ni ce Khaulat, 'yar marigayi Harisu mai agogo. A gabanka na yi allo. Na yi shiru ne in ga inda fassarar za ta tsaya."

"Ba ta tsayawa, 'yata," in ji Malam. "Mu shekara da shekaru muna jira."

Alhaji ya yi ta maza. "To ko da Hausa ne, lamba ba ta ƙarya. Kano shida, nan biyu da ɗigo tara. Wanne ya fi?"

"Baba, me kake sayarwa?"

"Shadda."

"Yadin Kano da mitan Abidjan ɗaya ne?"

"Haba, wane jahili ne zai haɗa su?"

"To awon jini ma haka. Ma'aunin can daban, namu daban. A can ana so ƙasa da biyar, a nan ana so ƙasa da biyu. In kana son lambar nan ta koma ta Kano, sai ka ninka ta biyu da rabi, da ɗan ƙari kaɗan. An ce kai gwanin lissafi ne. Bismilla."

Da ma ya yi shiru. Amma an ce gwani a gaban jama'a, bakinsa ya riga hankalinsa. "Wannan ai wasan yara ne. Biyu da ɗigo tara sau biyu, biyar da ɗigo takwas. A ƙara rabinsa, ya zama bakwai da..." Muryar ta fara sauka. "Bakwai da kwata."

"Da ɗan ƙarin, bakwai da rabi."

"Wato hawa ta yi," in ji Ladidi.

"Hawa ta yi, Mama."

Ladidi ta juya a hankali ta kalli Kailu. Kailu ya ce ya tuna ya bar wuta a tukuba, amma dattawa sun toshe ƙofa, ba hanya.

Likita ta sake duba takardar ta ce, "Wannan na ukun kuma, ko tukunyar mai aka auna sai haka. Baba, ba a ce ka zo à jeun ba?"

"Na zo mana! Ki tambayi kowa. Jins, kambas, ga gemu ma shaida."

Khaulat ta yi ƙoƙari, wallahi ta yi ƙoƙari, amma dariyar ta fi ƙarfinta, sai da ta kifa kai a tebur. Da ta samu numfashi ta ce ma'anarsa ya zo da ciki wayam, bai ci komai ba tun abincin dare. Dattijon da ya rina gemu ya ja rawani ya rufe haɓa. Na bakin ƙofa suka isar wa na waje, na waje suka isar wa masu jiran layi, har wata mai goyo da ba ta jin Hausa ta roƙi a fassara mata, aka fassara, ta zauna a ƙasa.

Alhaji ya hango wata ƙofar tsira. "To ai shi ke nan! Tun da na ci garba, awon ya ɓaci. A soke shi, mu koma kan shida."

"Na ukun ne ya ɓaci, shi ya sa ba za a iya lissafa mugun ba sai ka dawo. Babbar lamba ba ta cika damuwa da karin kumallo ba. Wannan taka ce, Baba, kai ka tara ta."

Bai haƙura ba. A hanyar gida ya kama hannun Malam ya nemi fatawa. Hajiya ta rantse a kan ƙasa da biyar, takarda ta ce biyu da ɗigo tara, a shari'a ai rantsuwa ta cika.

Ladidi ta tsaya cak a tsakiyar layi. Ba ta ɗaga murya ba. "Alhaji, ni ba lamba nake tsoro ba. Ranar nan a Kano da ka riƙe ƙirji, ni na ga idonka ya juye, kai ba ka gani ba. Tsoro nake ji a aiko daga Adjamé a ce in zo in ɗauke ka a kan shadda, in binne ka a ƙasar mutane, in koma gida ni kaɗai. In nama ya fi maka, ga rago can, ka cinye har ƙaho."

Alhaji ya naɗe takardar ya cusa a aljihu. Malam ya zare hannunsa ya ce fatawa ta riga ta fito.

Ranar Sallah shi ya yanka ragon, shi ya tsaya aka feɗe, shi ya yi ta nuna gidajen da za a kai wa. Cinya ta wuce ta gabansa, hanta ta wuce, kitsen bayan nan ya tafi gidan Malam a cikin kwano mai murfi. Unguwa ta ɗau ƙamshin suya. Duk wanda ya shigo barka da Sallah sai ya tambayi ina saurayin gidan, Alhaji kuwa ya gaji da fushi, shi da kansa yake nuna kansa ya ce ga shi nan, tsufa ne ya kama shi a hanya.

Can da azahar, yana zaune da Malam a kan tabarma, sai ga Ladidi da babban faranti a rufe. Ta ce ta koma wajen 'yar Harisu, likitar ta ce jan nama marar kitse, dafaffe, ɗan kaɗan ba laifi, ita kuma ta ɗauki kaffarar rantsuwarta. Alhaji ya wanke hannu har gwiwa, ya gyara zama, ya yi bismilla da ƙarfi, ya ɗaga murfi. A tsakiyar farantin wata 'yar tsoka ce guda ɗaya tilo, ba ta fi babban yatsa ba.

"Hajiya, wannan fa?"

"Ma'aunin Abidjan ne. Ka ninka biyu da rabi."

Alhaji ya ɗauka ya jefa a baki, ya lumshe ido, ya daɗe yana taunawa. Malam ya bari sai da ya haɗiye sannan ya tambaye shi nawa lissafi ya ba da.

"Na ninka, Malam, har ɗan ƙarin na sa," in ji Alhaji, yana leƙa ƙarƙashin murfin. "Yunwa dai ma'aunin Kano take bi."